Yadda za ka haɗa soja da masanin kimiyya faɗa a fim ɗinka ba tare da ka mai da ɗayansu wawa ba

Satin da ya wuce wasu ƙannena na unguwar Aboabo a Kumasi suka same ni a majalisa bayan isha'i ana shan ataya, suka miƙo min waya wai Yaya dan Allah duba mana labarin fim mai dogon zango da muke son ɗorawa a YouTube. Labarin dai shi ne wani abu ya faɗo daga sama bayan Suame Magazine, unguwar makanikai, yana ta walƙiya kore shar, sai ga Kanar da motar sojoji, sai ga Farfesa da farar riga da tabarau, Farfesa yace kar a taɓa, Kanar ya daka masa tsawa yace a buɗe wuta, aka buɗe wuta, abun ya fashe, rabin Kumasi ya ƙone, Farfesa ya tsaya cikin toka yana girgiza kai. Shafi goma sha huɗu kenan. Na karanta har ƙarshe don kar su ji kunya, amma wallahi tun shafi na biyu na san inda aka dosa, kuma duk wanda zai kalla shima zai sani, toh me zai sa mutum ya ƙona datarsa ya jira kashi na biyu?

Wannan faɗan na mai kaki da mai farar riga tsohon abu ne a finafinan ƙagen kimiyya na talabijin, tun ana kallon baƙi da fari ake yinsa, kuma waɗanda suka iya shi dabara ɗaya suke riƙewa, kowanne cikin mutum biyun yana da gaskiyarsa, kuma gaskiyar ɗaya ba ta goge ta ɗayan. Abunda na faɗa wa yaran ranar shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba su kaɗai bane ke da irin wannan labarin a waya.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta magana, ɗauki takarda ka rubuta lokuta guda biyu. Na farko awa nawa masanin yake buƙata kafin ya san mene ne wannan abun. Na biyu awa nawa ya rage wa sojan kafin mutane su fara mutuwa ko oda ta sauko daga sama. Dole na farko ya fi na biyu tsawo. In Dakta, wato masaniyar, na buƙatar awa shida kuma Manjo, wato sojan, yana da kwana uku, ai babu faɗa, sai su zauna su ci waakye tare. Amma in ita tana buƙatar kwana biyu shi kuma yana da daga yanzu zuwa asuba, shikenan labari ya tashi da kansa, ko ba ka sa kowa ya ɗaga murya ba. Kuma kar ka ƙirƙiro lokacin daga kanka, nemo na gaske. Mai aikin lab in ya shuka ƙwayar cuta a faranti yana jiran awa 24 zuwa 48 kafin ta tsiro ya gani, babu bindigar da za ta sa ƙwayar cuta ta yi sauri. Saƙon rediyo daga nan zuwa duniyar Mars yana cin minti 3 zuwa 22, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke a lokacin. Irin waɗannan lambobin su ne ƙashin bayan rigimar.

Na ce wa yaran su ɗauke labarin daga Magazine su kai shi tafkin Bosomtwe, kaman kilomita 30 ne kawai daga gari, kuma wurin da kansa dutse ne daga sama ya haƙa shi shekara wajen miliyan ɗaya da ta wuce, faɗin ramin ya haura kilomita 10, babu kogin da ke fita daga cikinsa, har masana daga ƙasashe daban daban sun zo sun yi haƙa a ƙarƙashin ruwan a 2004 don su karanta tarihinsa. Kaga ba sai ka ɓata kashi guda kana rarrashin mai kallo ya yarda wani abu na iya faɗowa daga sama a wurin ba, ya riga ya faɗo sau ɗaya. Toh a ce wani abu a ƙasan tafkin ya fara ƙara da daddare, kifi na tasowa matattu, masunta uku na kwance ba sa gane mutane. An turo Manjo da yaransa su rufe hanyar Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin. An turo Dakta daga jami'a da akwatin kayan awo. Manjo ya samu oda, in gari ya waye abun bai daina ba a saka masa nakiya. Ita kuma samfurin ruwan da ta ɗiba ba zai yi magana ba sai jibi.

Yanzu sai Manjo, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. Mu mutanen Gana muna da dalilin da zai sa hannu ya yi saurin zana soja a matsayin azzalumi mara tunani. An yi juyin mulki a 1966, an yi a 1972, an yi a 1979, an sake a 1981, kuma duk gidan da ka shiga a Zango akwai tsohuwar da za ta ba ka labarin abunda ta gani da idonta a kasuwa a waɗancan shekarun. Ba ƙarya take ba. Amma a gidajen nan dai akwai hoton kaka da kaki a jikin bango, domin tun zamanin Turawa Hausa ce yaren bariki a ƙasar nan, har taken rundunar sojan ƙasa ta wancan lokacin da Hausa aka rubuta shi, Kullum Shiri. Saboda haka mai kallonka ya san soja ta fuska biyu, in ka ba shi dodo mai ihu kawai zai ji ka raina masa wayo.

Ba Manjonka abunda yake tsoro. Yana da yara talatin a ƙarƙashinsa, ya san sunan kowannensu, ya san wanda matarsa ta haihu watan jiya, kuma in ɗaya ya mutu shi ne zai je ya tsaya a gaban uwar yaron ya cire hula. Dakta in lissafinta ya kuskure za ta sake awo ta gyara rahoto. Shi in ya yi jinkirin awa biyu ƙauye ya mutu, kotun soja ce ke jiransa, kuma ba wanda zai tambayi Dakta komai. Wannan rashin daidaiton shi ke sa shi taurin kai, ka nuna shi a fitowa ɗaya tun da wuri, ko da kiran waya ne daga matar wani kofur tana tambaya ko lafiya.

Akwai misali a Doctor Who na BBC, labarin 1970 na wasu halittu masu kama da ƙadangare da suka farka daga dogon barci a cikin kogo ƙarƙashin wata cibiyar bincike a Ingila. Shi jarumin masani yana ta faman a yi sulhu, yana cewa ai sun riga ɗan Adam zama a duniyar nan, a raba ƙasa a zauna lafiya. A ƙarshe Birgediya, shugaban sojojin wurin, ya jira sai da masanin ya juya baya ya tashi kogon da bam. Abun ya yi ciwo, an shirya shi ne don ya yi ciwo. Amma ka duba abunda marubucin ya yi kafin nan, sai da ya bari wasu cikin halittun suka saki annoba da gangan, ta kai har Landan, mutane suka faɗi a tashar jirgin ƙasa. Kaga lokacin da bam ya tashi kai mai kallo kana jin haushin Birgediya, kuma can ƙasan ranka kana tambayar kanka da ni ne ke da alhakin mutanen Landan me zan yi. Wannan ƙaiƙayin shi kake nema.

Wani lokacin ma ka bar taurin kan sojan ya zama shi ne daidai. A Battlestar Galactica na shekarun 2003 zuwa 2009, kwamandan tsohon jirgin yaƙin ya ƙi yarda a haɗa kwamfutocin jirginsa a layi ɗaya, kowa na masa kallon tsoho mai gardama da zamani, jirgin ma ana shirin mai da shi gidan tarihi ne. Da maƙiya suka zo ta cikin manhaja suka kashe sababbin jiragen kaman an kashe fitila, nasa ya tsira. Kuma ƙofar da suka bi suka shigo tana cikin aikin babban masanin ƙasar ne, wanda wata mace ta yaudara.

Wanda ya kawo mu kan Dakta. Kuskuren da ake yi da ita shi ne a mai da ita boka. Ta kalli abu sau ɗaya, ta lumshe ido, tace wannan daga tauraro kaza ya zo kuma nan da awa uku zai fashe. Masani na gaske ba haka yake magana ba, bakinsa cike yake da wataƙila, da bari in sake aunawa, da awo uku na yi biyu sun yarda da juna ɗaya ya ƙi. Kuma wannan wataƙilar ita ce ke haukata soja, domin shi an koya masa ya ba da amsa gajeriya a tsaye. Manjo na tambaya zai kashe mutane ko ba zai kashe ba, ita tana cewa ya danganta. Ka bar ta ta ce ya danganta, kar ka cece ta. Ƙarfinta yana cikin cewa ba ta faɗin abunda ba ta auna ba, rauninta ma a nan yake.

Ka ba ta hujja da mai kallo zai iya gani da ido, ba dogon turanci ba. Kwalba biyu na ruwa, ɗaya daga sama ɗaya daga can ƙasa, ta buɗe ta ƙasan tana kumfa kaman lemon kwalba. Kyandir da ta sauke cikin rami ya mutu tun bai kai ƙasa ba. Kaji da awaki sun mutu a gangare amma mutanen da ke kan tudu lafiyarsu ƙalau, wanda ke nuna abun iska ce mai nauyi da ke kwanciya ƙasa. Sannan ka ba ta abunda ita ma take tsoro. Ta san labarin tafkin Nyos na Kamaru, inda a daren 21 ga Agusta 1986 iskar da ke danne a ƙasan ruwa ta taso gaba ɗaya ta gangara ƙauyuka ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawa a cikin barci. Ta kuma san Bosomtwe daban yake, Nyos bakin dutse mai aman wuta ne, namu ramin dutsen sama ne, don haka ba za ta iya rantsuwa cewa abu ɗaya zai faru ba, abunda kawai za ta iya cewa shi ne kar a girgiza ƙasan ruwa mai zurfi da nakiya alhali ba a san me ke kwance a can ba. Kaga ba tausayin baƙon halitta ne ya hana ta ba, ita ma rayukan ƙauyen take karewa, hanya ce ta bambanta.

Kuma dole ta yi kuskure aƙalla sau ɗaya, kuskure mai tsada. A Stargate Atlantis akwai kashin da babban masaninsu ya samu wata tsohuwar na'urar makamashi da masu ita ma suka kasa sarrafawa, ya dage shi zai iya, mutum ɗaya ya mutu a gwajin farko bai daddara ba, abokin aikinsa ya gargaɗe shi da lissafi ya yi masa wulaƙanci, ƙarshe ya tarwatsa kusan dukkan duniyoyin da ke kewaye da wata rana. Abun dariyar ma a wannan karon wani Kanar ne ke mara masa baya, don yana hango makami. Girman kai ba ya tambayar kalar riga. Dakta ɗinka ba sai ta fasa duniya ba, ya isa tace wurin nan babu haɗari ku shiga, yaro ɗaya ya shiga ya faɗi. Daga wannan lokacin duk abunda ta faɗa Manjo na da damar ya tuna mata, kuma ita ma muryarta za ta canja.

Ga irin fitowar da nake nufi, a cikin ajin makarantar ƙauye da suka mayar ofis, ƙarfe biyun dare, fitilar caji ɗaya.

"Dakta, ƙarfe biyar da rabi zan ba da oda. Kina da abunda za ki ba ni?"

"Manjo, awo biyu sun nuna iskar na ƙaruwa, na uku bai nuna komai ba. Ina zargin na'urar ce ta jiƙe."

"Zargi."

"Eh, zargi."

"Jiya ma da zargi kika ce bakin ruwa lafiya lau. Yarona yana asibiti."

"Na sani. Na je na gan shi."

"Toh faɗa min a kalma ɗaya, in na fasa mutane za su mutu?"

"Ba zan iya ce maka eh ba."

"In na bari fa?"

"Shima ba zan iya ba."

"Kin ga ni kuwa dole in ce wani abu wa Accra nan da awa uku."

Ka lura babu wanda ya zagi wani, babu wanda ya buga tebur, kuma babu wanda ya tsaya yana wa'azi kan darajar ilimi ko darajar oda. Suna kiran juna da muƙami saboda kowanne yana tuna wa ɗayan iyakarsa. Ranar da Manjo ya ajiye Dakta ya ce mata Hajiya, ko ita ta ce masa ɗan'uwa, mai kallo zai ji wani abu ya motsa, don haka ka ɓoye wannan sai inda ya dace, kar ka kashe shi a kashi na farko.

Dabara ta gaba ita na fi so, ka sa su yi musayar kujera a tsakiyar labari. A Star Trek na farko, wani kashi na 1967, wata halitta mai cin dutse tana kashe masu haƙar ma'adinai, ta kashe wajen hamsin. Masanin jirgin yana son a kama ta da rai don ita kaɗai ce irinta, kyaftin yace a'a a harbe. Can gaba kyaftin ya tsinci kansa shi kaɗai gaba da gaba da ita, ya ga tana da rauni kuma ba ta kawo masa hari ba, sai ya ƙi harbi, masanin kuma ta oba-oba yana ce masa kashe ta da sauri, don yanzu ran abokinsa ne a kan layi. Daga baya aka gano uwa ce, ƙwayayenta ne ma'aikatan ke fasawa ba su sani ba. Babu wanda halinsa ya canja, abunda kowanne ke gani a gabansa ne ya canja. A naka labarin a ce ƙarfe huɗu Dakta ta ga wani sakamako da ya firgita ta ta ruga tace Manjo fasa yanzu yanzu, shi kuma ya ƙi, saboda ɗan leƙen da ya tura ya dawo ya ce akwai masunta a kan ruwa da ba su ji sanarwa ba.

Kar kuma ka ɗauka duk mai kaki ba ya lissafi. A daren 26 ga Satumba 1983 wani Laftanar Kanar na Tarayyar Sobiyet, Stanislav Petrov, yana bakin aiki kwamfuta ta nuna masa Amurka ta harbo makamai masu linzami, ɗaya, sannan har biyar. Ya zauna ya yi tunani irin na mai bincike, wanda zai fara yaƙin nukiliya ba zai fara da guda biyar ba, na'urar sabuwa ce, kuma rada ta ƙasa ba ta ga komai ba, sai ya kai rahoton cewa ƙararrawar ƙarya ce. Ashe hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Irin wannan mutumin da ke tsaye a tsakiya yana da amfani ƙwarai a labari, shi ya sa a Stargate SG-1, wanda ya yi zango goma daga 1997 zuwa 2007, suka sa mace ɗaya ta zama hafsan sojan sama kuma masaniyar taurari a lokaci guda, faɗan sai ya koma cikin ƙirjinta. Kai ba sai ka je nesa ba, ka sa saje mai igiya uku wanda ɗan unguwarsu Dakta ne a Sabon Zango, tare suka yi makarantar allo, a gaban Manjo yana ƙamewa yana yes sa, in sun keɓe yana ce mata Yaya ki yi haƙuri ki ba shi wani abu da zai riƙe. Ranar da oda ta ce ya ƙwace mata akwatin awo, ba sai ka rubuta masa dogon jawabi ba, kyamara ta tsaya a hannunsa kawai.

Sai maganar sirri, wadda ita kaɗai za ta iya ciyar da zango guda. Ilimi yana tafiya ne da nuna wa wani aikinka ya nemo maka kuskure, soja kuma yana tafiya da kowa ya san iya abunda ya shafe shi. Lokacin da Amurka ke ƙera bam ɗin nukiliya a yaƙin duniya na biyu, Janar Leslie Groves ya so kowane masani ya tsaya a ɗakinsa kar ya san abunda na kusa da shi ke yi, Robert Oppenheimer ya dage sai an bar su suna haɗuwa suna tattaunawa a Los Alamos, an ma so a sa musu kaki a ba su muƙaman soja wasu manyansu suka ƙi. Kuma a Yulin 1945 masana 70 suka sa hannu a takardar roƙon kar a jefa bam ɗin a kan Japan ba tare da an ba ta damar miƙa wuya ba, takardar ta bi ta hannun sojoji, ba ta kai ga shugaban ƙasa ba kafin 6 ga Agusta, ranar da aka jefa bam ɗin a Hiroshima. Toh Dakta ɗinka tana son ta tura hoton sakamako ta WhatsApp wa abokiyar aikinta a jami'ar Legon da ke Accra ta duba mata, Manjo ya tattara wayoyin kowa a cikin bokiti, kuma yana da hujja, in hoton nan ya fita kafin azahar duk kasuwar Kejetia ta ɗauka, hanyar da motar asibiti za ta bi ta cushe da masu gudu da masu zuwa kallo. Duk wanda ya zauna a garin nan lokacin dokar hana fita ta korona a ƙarshen Maris 2020 ya san yadda saƙon murya ɗaya ke zagaye Zango kafin a idar da sallah.

Kar ka manta su biyun ba su kaɗai bane a duniya. Akwai wanda ke bugo waya daga Accra wanda ba ma ganin fuskarsa, akwai sarkin ƙauye da dattawansa waɗanda tafkin nan wuri ne mai tsarki a wurinsu, har al'ada ta sa masunta ke hawa guntun katako da suke kira padua suna tuƙi da hannu maimakon kwalekwale, toh ka je ka ce musu za ka jefa nakiya a ciki. Fitowar da Manjo da Dakta za su zauna gefe ɗaya a gaban dattawa, a karo na farko suna kare juna, tana zuwa da kanta. In kuma kana son tsohon ciwo a bayan labarin, muna da namu na gida, Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya a 1964, bayan juyin mulkin 1966 aka tsayar da aikin, sai tsakiyar shekarun 1990 aka samu ƙaramar na'ura mai kilowat 30 daga Sin ta fara aiki. Tsohon malamin Dakta na iya zama cikin waɗanda aka tura karatu suka dawo suka tarar babu aikin, ita ta gaji haushin, Manjo kuma lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba.

Abubuwan aiki a gurguje. Ka san jerin muƙamai kafin ka kunyata kanka, kofur ba ya ba saje oda, kyaftin yana ƙasa da manjo, manjo yana ƙasa da laftanar kanar, kuma cikakken Kanar ba ya zuwa tsare shingen ƙauye da kansa, wannan ne ma ya sa na sauke na yaran zuwa Manjo. Nemo tsohon soja a unguwa, akwai su, ka kai masa goro ya karanta maka maganganun, zai gaya maka inda soja ba zai taɓa faɗin haka ba. Ita ma Dakta a kai wa ɗalibin KNUST, jami'ar kimiyya ta Kumasi, ko ma'aikacin lab ya duba. Maganar kaki kuma ba wasa, dokar ƙasar nan tun 1967 ta hana farar hula sa kayan soja, kar ka je gwanjo ka sayo mai dabbare dabbare ka tara yara goma a bakin titi da bindigar katako, za ka yi bayani inda ba ka so. Ko dai ka nemi izini a rubuce, ko ka ƙirƙiro wata runduna da babu ita, tela ya ɗinka muku kaya masu launin toka da tambarin da kuka zana da kanku, kuma a sanar da ƴan sandan yankin da sarkin gari ranar ɗauka.

Dodon kuma kar ku nuna shi. Kuɗin da za ku ba mai editin ya zana muku halitta mai ƙafa takwas da za a yi ta dariya a kanta, ku sa su a makirfo mai kyau da fitila biyu. Ƙara daga ƙarƙashin ruwa, kumfa, kare da ya ƙi matsawa gaba, oba-oba da ta ɗauke a tsakiyar magana, sun wadatar har kashi na biyar.

In ka gama rubutu ga gwajin da nake yi. Tara mutum goma a majalisa, a samu mata a ciki da dattijo ko ɗaya, ka karanta musu har daidai ƙarfe biyar da minti ashirin da tara, ka tsaya, ka ce wa ke bayan Manjo wa ke bayan Dakta a ɗaga hannu. In ka samu tara da ɗaya koma ka ƙara wa wanda aka kayar hujja, ko ka rage wa ɗayan tabbas. Yaran Aboabo sun dawo da sabon rubutu shekaranjiya, muka gwada aka samu shida da huɗu, wani tela da ke gefe yana jinmu ya ce shi dai a fara kwashe mutanen ƙauyen tukun kafin a yi ta surutu, abunda duk cikinmu babu wanda ya yi tunaninsa, yanzu sai sun koma sun nemo dalilin da zai sa motocin kwashe mutane ba za su iya sauka gangaren Abono a daren ba.